Hawainiyarka ta ƙi cin abinci? Fara da hantsi da ruwa

Ɗan'uwa, kafin ka kashe kuɗin magani, fitar da ita ta sha hantsi, ka yayyafa ruwa a ganyen da take kai.

Hawainiya ba ta damu da ruwan kwano ba, ɗigon ganye take lasa. Kuma jikinta ba ya ɗumama kansa. In sanyin hunturun nan na Maradi ya kama ta, abinci sai ya tsaya mata a ciki.

Tawa kwana 3 tana kallon fara kawai. Da ta ji ɗumi ta yi kashi, sai ga harshe ya fito. Amma ka bar mata inuwa, zafin tsakar rana na iya kashe ta.

In idonta ya faɗa, ko tana rufe shi da rana, ko ciki ya kumbura, wannan ta wuce dabara. Sai likitan dabbobi.