Yadda ake doguwar tafiya a kan babur daga Zariya

Babur ɗin da kake hawa daga Tudun Wada zuwa Samaru kullum zai iya kai ka Jos, zai iya kai ka Bauchi, muddin ka san abin da yake buƙata da abin da ya fi ƙarfinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, matasa da dama da suka samu aiki ko karatu a wata jiha suka fara tunanin su tafi da Boxer ko Jincheng ɗinsu. Tunani ne mai kyau, amma yawancin tafiyar a gida ake gama ta, kafin a buga kik.

Fara da hanya, kafin ma ka kai ga bakanike. Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, zuwa Kano kusan 150, zuwa Jos ta Soba da Pambeguwa da Saminaka da Jingir kuma sama da 200. Taswirar waya za ta ba ka nisan, ba za ta gaya maka inda ba a bi bayan La'asar ba. Wannan sai direbobin da suka bi hanyar jiya. Ka je tasha, ka sami direban da ke jigila a layin da za ka bi, ka gaishe shi da ladabi, ka ce: "Baba, don Allah yaya hanyar take kwanan nan?" Za ka ji inda kwalta ta fashe, inda ake aikin gada, da inda su kansu ba sa tsayawa. Idan hanyarka ta Funtuwa ce zuwa Gusau da Sakkwato, ko wadda ta bi ta Birnin Gwari, ra'ayina ka haƙura da hawa. Ka ɗora babur ɗin a mota, ka shiga tare da shi. A yankunan da 'yan bindiga ke yawo a kan babura, baƙo mai babur da kaya a baya yana cikin haɗari ta fuska biyu: ɓarayin daji na son abin hawansa, jami'an tsaro da 'yan sa-kai kuma na iya yi masa kallon tuhuma.

Ka kuma binciki dokar garin da za ka. Kano ta hana goyo a kan babur a cikin birni tun watan Janairun 2013. Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni a 2006, Legas ta hana su a wasu ƙananan hukumominta a 2022, Jos ma tana da tata dokar. Ko ba haya kake yi ba, mai kamu ba koyaushe yake tsayawa bambancewa ba.

Daga nan sai takardu. Rasit ɗin sayen babur, takardun rajista da lamba, inshora, lasisin tuƙin babur, da katin shaidar ɗan ƙasa. Ka duba lambar inji da ta shasi da idonka, ka tabbatar sun yi daidai da abin da ke rubuce. Idan na hannu ka saya, ka nemi takardar yarjejeniyar ciniki mai sa hannun shaidu. Ka yi hoton komai a waya, na ainihin kuma ka sa a leda cikin aljihun ciki. A shingen bincike ka rage gudu tun daga nesa, ka ɗaga gilashin hular kwanonka a ga fuskarka, ka yi sallama, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai.

Yanzu bakanike. Kada ka kai babur ana gobe tafiya. Kai shi da saura mako guda, don ka hau shi kwanaki ka ji ko wani abu ya saki. A juye baƙin mai, a sa sabon fulogi, a wanke kafireta da matatar iska. Sarƙa ita ce inda mutane suka fi sakaci, kuma ita ce ke yar da mutum a daji. Idan haƙoran sifoket sun yi tsini sun lanƙwashe, a canza su tare da sarƙar baki ɗaya, domin sabuwar sarƙa a kan tsohon sifoket ba ta daɗewa. Kada a ɗaure ta tamau: a bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu idan ka taɓa ta a tsakiya, tunda kaya za su danne baya su ƙara ja. A duba birkin gaba da na baya, wayar kuloci, fitila, sigina da ham. Tayar da zanenta ya shafe, ko gefenta ya tsattsage, ba ta da wurin zuwa sai bola. Na san taya da tsada, amma kwana ɗaya a gadon asibiti ya fi ta tsada.

A cikin makon nan ka auna shan man babur ɗinka. Cika tanki, rubuta abin da mita ta nuna, yi yawonka, sake cikawa ka ga lita nawa ya sha. Da wannan za ka san inda ya kamata ka tsaya shan mai. A hanya kada ka bari tanki ya sauka ƙasa da rabi, kuma ka fi son gidan mai a kan 'yan bumburutu, don man da aka gauraya yana toshe kafireta. Ɗaukar mai a jarka ma ba dabara ba ce, wasu jihohin sun taɓa hana shi saboda tsaro.

Kayan gyara kaɗan sun isa: sifana 10 da 12 da 14 da wadda ke kwance tayar baya, sifanar fulogi, filaya, sukudireba, tib guda, kayan faci da ƙaramin famfo, fulogi da wayar kuloci na ajiya. Ka zauna wurin mai faci ka koyi cire taya da hannunka kafin ranar.

Wurin ɗaurin kaya, mai nauyi ya zauna ƙasa kuma kusa da bayanka. Idan ka tura shi can ƙarshen kariya, gaba zai yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. A ɗaure da robar tsohon tib a gicciye, a girgiza a ga ba ya motsi, a tabbatar babu igiya ko bakin zane da ke lilo kusa da taya. Mai ƙaura ya saurara da kyau: katifa da buhun masara da akwatin littattafai ba kayan babur ba ne. Ka kai su tasha a yi musu awo a aika, ka karɓi lambar direba. A kan babur sai jakar tufafi, tabarma, gidan sauro, buta, tocila, ruwan sha da abin cajin waya.

Hular kwano dole ce, an fara tilasta ta a ƙasar nan tun farkon 2009, kuma ko ba doka kanka guda ne. Sayi mai rufe haɓa, ka ɗaure maɗaurinta. Sa takalmi sawu-ciki, safar hannu da riga mai kauri. Babbar riga da rawani a ninke su cikin jaka har a isa. Da hunturu, sanyin asuba tsakanin Saminaka da Jos yana sandarar da yatsu har ka kasa matse birki, hazo kuma yana ɓoye mota sai ta zo dab da kai, saboda haka fitila a kunne ko da rana. Da damina, ruwan farko shi ne ya fi sa kwalta santsi. Ka fake har ya tsagaita.

Ka tashi bayan sallar Asuba da gari ya fara haske. Ƙaramin inji ba a yi shi don a murɗe shi har ƙarshe na awanni ba. Gudun kilomita 60 zuwa 70 a awa ya ishe ka. Duk bayan awa ɗaya ka sauka a cikin gari, ka sha ruwa, ka miƙe ƙafa, inji ya huce, ka taɓa ɗaurin kaya. Tirela ko tanka idan ta taho, ka riƙe kan babur da kyau ka matsa gefe, iskarta tana fizgar mutum. Kada ka bi bayanta kurkusa, ramin da ta tsallake kai ba za ka gan shi ba sai ka faɗa. Ka guji ƙwayoyin hana barci. In gyangyaɗi ya zo, kwanciya ce maganinsa. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, ka tambayi malaminka hukuncinta kafin ka fita.

Maganar kwana kuwa, abin da ake gani a bidiyon Turawa, mutum ya kafa tanti shi kaɗai a bakin rafi, ba na hanyoyinmu ba ne a wannan zamani. Kafin Magariba ka kasance cikin gari. In akwai ɗan'uwa ko aboki, ka sanar da shi tun kana Zariya. In babu, ga masaukin baƙi mai gadi inda za a shigar da babur ciki. In ƙaramin gari ne, ka yi sallah a masallaci, ka gabatar da kanka ga liman ko mai unguwa, ka faɗi daga inda kake da inda za ka, su za su nuna maka zauren da za ka shimfiɗa tabarma ka ɗaura gidan sauro. Kada ka kwanta a wuri ba da sanin masu wurin ba. Sa wa babur kwaɗo da sarƙa, takardu da waya su kwana a jikinka. A kowane zango ka kira gida ka faɗi sunan garin da kake da wanda za ka kwana gobe.

Idan ka isa garin da za ka zauna, kashegari ka nemi bakanike a ƙara ɗaure sarƙa, a bi kusoshin da girgiza ta sassauta, a duba baƙin mai. Sannan ka tambayi maƙwabta unguwannin da ba a shiga da babur, da ƙarfe nawa ake daina hawa da dare.