Yadda za ka kauce wa kalmomin da suka yi kama da Hausa amma baƙi ne

Aikina fassara, kuma ƙananan kalmomi masu fuskar gida su suka fi kayar da yaran da nake koya wa aikin. A watan Afrilun 2018, da wasu 'yan daba suka kutsa zauren Majalisar Dattawa a Abuja suka sure sandar majalisa, jaridun Turanci duk "mace" suka rubuta. Sunan sandar ke nan a Turanci. Bahaushen da ya ga kanun a gurguje sai ya ɗauka wata baiwar Allah aka sace.

Abu na farko, kada ka taɓa yanke wa kalma hukunci ita kaɗai. Dubi maƙwabtanta. In jimlar Turanci ce, "wake" farkawa ne daga barci, ba abokin shinkafa ba, "dare" kuwa ƙalubale ne ko ƙarfin hali.

Sannan ka furta ta da baki. Mu muna kiran kowane wasali, ma-ce, gaɓa biyu. Bature ya haɗiye na ƙarshen ya ce "mes". Kunne yakan kama abin da ido ya bari ya wuce.

Inda na fi so ka natsu shi ne Google Translate. Kada ka bar shi ya yi hasashen harshen da kansa. Kai ka zaɓar masa Hausa, ka kuma ba shi jimla cikakkiya. Ka sa harshen Hausa a madannin wayarka don ka samu ɓ, ɗ da ƙ. Sakacin da muke yi da waɗannan haruffa masu lanƙwasa yana ci mini tuwo a ƙwarya: "ɓare" gyaɗa daban, "bare" baƙo daban, ga kuma "bare" na Turanci mai nufin tsirara, amma duk mun cusa su a rubutu ɗaya.

Ba Turanci kaɗai ba. Ɗan Maraɗi ko Damagaram ya san "sale" a Faransanci datti ne, alhali a shagon Legas rangwamen farashi ake nufi, a Kano kuma sunan mutum. In ka je Tanzaniya aka kira ka "kaka", ba tsufa aka ga ka yi ba, ɗan'uwa namiji ake nufi da Sawahili. "Kuku" ɗinsu kuma kaza ce, ba mai dafa ta ba. Irin waɗannan, buɗe musu shafi a littafinka, ka rubuta kowace da jimlar da ka tsince ta a ciki da sunan harshenta.