Yadda za ka gane lambar wuyan sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu

Masu tara kayan tarihi sun yi ta tambayar yadda za a bambanta ta gaske da jabu a cikin lambobin wuya, wato 'yan ƙarafan shaida da sojoji ke ratayawa a wuya, to ga matakan.

1. Dubi gefenta. Ta sojan ƙasa a wancan zamani tana da ɗan giɓi a gefe guda. Hattara: 'yan jabu ma sun iya yanka shi, kada ka tsaya nan.

2. Ƙirga alƙaluman lambar aikin sojan da aka buga a jikinta. Ta ƙaramin soja galibi alƙaluma takwas ce. In ta fara da 1, da kansa ya shiga. 3 kuwa, dole aka yi masa. Ta hafsa da O take farawa.

3. Nemi alama irin T42 ko T43, wato shekarar allurar rigakafin tetanus (T42 na nufin 1942).

4. Karanta rukunin jini: A, B, AB ko O kawai. Ka ga POS ko NEG? Ajiye ta, ta baya-bayan nan ce.

5. Duba adireshin dangi. A 1943 aka daina buga shi, don haka adireshi tare da T45 akwai lauje cikin naɗi.

6. Gwada suna da lamba a kundin intanet na NARA, hukumar adana takardun tarihi ta Amurka. Rashin samu ba hujja ba ce, kundin bai cika ba.

Kada ka goge ta don ta yi ƙyalli. Darajarta za ta faɗi.