Yadda ake killace sabon murjani kafin ya shiga babban tanki

Duk mai kiwon murjani a tankin ruwan gishiri ya san zumuɗin da ke kama mutum idan sabon reshe ya iso, hannunka har ƙaiƙayi yake ka manna shi a dutse ka kunna shuɗiyar fitila ka zauna kallo. To ka danne zuciyarka. Ni haka nayi da wani reshen Acropora, wato wani nau'in murjani mai tauri mai rassa, dana saya a hannun wani, ba tabo ko ɗaya, bayan wata guda sai ga fararen ɗigo-ɗigo a gindin sauran kamar an ciccije su, ashe tsutsotsin nan ne masu faɗi masu cin Acropora, kalarsu ɗaya da jikin murjanin shiyasa ido baya kama su. Rassa shida na rasa, wallahi har yau abin na min ciwo.

Tankin killacewa ba sai mai tsada ba. Na lita 40 ya isa, da hita da ƙaramin famfo da fitila, ba yashi ba duwatsu, don komai ya faɗo ƙasa ka ganshi. Zafin ruwa digiri 25 zuwa 26 na Celsius, gishiri 1.025 ko 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, daidai da babban tankinka. Bokitinsa daban, tiyo daban, hantsaki daban.

Ranar da sabon reshen ya iso ka fara ɓalle shi daga ɗan gindin simintin da aka manna shi a kai ka jefar, ƙwan tsutsotsin anan suka fi ɓuya. Sai ka ɗebi ruwan tanki a farar roba ka zuba maganin tsomawa irin su CoralRx ko Revive, ka bi ma'aunin dake jikin kwalbar kar ka ƙara da ka, yawanci minti 5 zuwa 10 ne. Kana yi kana fesa masa ruwan da sirinji, zakaga abubuwa suna faɗowa. Ka ɗauraye shi a wani ruwan gishirin mai tsafta, na robar kuma a zubar.

Inda mutane ke kuskure shine su ɗauka shikenan. Maganin fa baya kashe ƙwai, manyan kawai yake kaɗowa, ƙwan kuma suna nan manne a gindi zasu ƙyanƙyashe daga baya. Don haka duk sati ka sake tsomawa har sati 6, ka duba da gilashin ƙara girma, ƙwan da ka gani ka kankare da buroshi ko ka yanke wurin gaba ɗaya. In murjanin nau'in Montipora ne, da dare ka haska tocila ƙarƙashinsa, akwai wasu fararen halittu ƙanana masu bazar-bazar da ke cinsa, lokacin suke fitowa. Idan kuma daga tankin da ke da kifi ya fito, gara ka kai kwana 76 ba kifi a tare dashi, saboda ƙwayar cutar farin ɗigo ta kifi tana iya maƙalewa a gindinsa ta jira.

In kaga wani yauƙi mai launin ruwan ƙasa ya lulluɓe kan murjani nau'in Euphyllia, kashe famfo tukuna, ka zuƙe shi da tiyo ka yanke kan, yana saurin bin na kusa. Maganin kifi mai jan ƙarfe kuwa ko ɗigo kar ya taɓa tankin nan, kashe murjani yake. In zaka taɓa murjani nau'in Zoanthus ko Palythoa ka saka safar hannu da tabarau, wasunsu na da dafin da ke kwantar da mutum a asibiti, kuma kar ka kuskura ka zuba musu tafasasshen ruwa, tururin ma guba ne.