Yadda ake kula da bututun wankin ƙoda na ƙirji

Idan ƙoda ta gaza har likita ya ce sai an riƙa yin wanki, abu na farko da ake nema shi ne hanyar da jini zai bi ya shiga na'ura ya dawo jiki, kimanin mililita 300 a kowane minti, har tsawon awa huɗu. Jijiyar hannu da ake saka ƙarin ruwa ba ta iya ɗaukar wannan aiki. Bututun gaggawa da ake sokawa a matsematsi ko a wuya kuwa na mako ɗaya ne zuwa biyu, domin idan ya daɗe ƙwayoyin cuta suna bin sa su shiga jini. Shi ya sa ake saka wa wanda zai daɗe yana wanki bututu mai zama, wanda ma'aikatan asibiti suke kira famkat.

Likita yana kashe zafin wurin da allura, ya nemo babbar jijiyar wuya da na'urar sikanin, galibi ta ɓangaren dama domin ita ce ta miƙe zuwa zuciya, sannan ya bi da bututun ta ƙarƙashin fata har ya fito a saman ƙirji. Bakinsa na ciki yana tsayawa ne a mashigar zuciya, kuma akan ɗauki hoton ƙirji a tabbatar ya zauna daidai. A jikinsa akwai ɗan zobe mai kama da auduga wanda nama yake kamawa cikin 'yan makonni, ya riƙe shi ya kuma tare wa ƙwayoyin cuta hanya. Abin da ake gani a waje shi ne reshe biyu, ja da shuɗi, kowanne da matsewarsa da murfinsa. Duk mai jinya ya riƙe wannan a ransa: ƙofa ce da ta buɗe kai tsaye zuwa zuciya, kuma yawancin kwanakinta a gida take yin su, ba a asibiti ba.

Doka ta farko ita ce kada bandejin ya jiƙe. Wankan da muka saba na kwarara ruwa daga ka da moɗa ya ƙare muddin bututun yana jiki. Sai a wanke daga cibiya zuwa ƙasa yadda aka saba, a goge sama da tsumma mai tsabta da aka matse, kai kuma a sunkuya wani ya wanke shi bayan an rufe ƙirji da leda. Alwala ba ta taɓa wurin, saboda haka babu matsala a kanta, amma batun wankan ibada ya kamata a kai wa malami tare da bayanin likita, domin addini ya yi wa majiyyaci sauƙi. Shiga gulbi kuwa babu shi sam, ko da mutum masunci ne ɗan Argungu ko Yawuri, haka nan tsayuwa cikin ruwan fadamar shinkafa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40, gumi kaɗai yana iya ɗaga filasta. Idan ta ɗago ko ta jiƙe, a rufe da sabon bandeji bayan an wanke hannu da sabulu, a je a canza ta a wurin wanki ba tare da jiran ranar layi ba. Kada a shafa man kaɗanya ko toka ko garin magani a wurin, kuma mai yin addu'a ya yi ta ba tare da tofi a kan bandejin ba.

Sutura ta zama sakakkiya, mai buɗewa ta gaba idan da hali. Mace mai goyo ta haƙura da ɗaurin ƙirji, domin kullin zane yana sauka ne daidai inda bututun ya fito, kuma jariri mai shan nono ba ya ganin abu yana lilo ya ƙyale shi. A naɗe rassan a manne su da filasta, a nisanta almakashi da reza daga wurin.

Babu mai buɗe murfin nan sai ma'aikacin wankin ƙoda, shi ma da safar hannu da takunkumi. Bayan kowane wanki ana cika rassan da maganin hana daskarewar jini, yawanci hefarin, wanda dole a zuƙe shi kafin a sake amfani da bututun. Wanda bai san haka ba ya tura allura ta ciki, ya tura wa majiyyaci maganin tsinka jini ke nan. Ko da an rasa jijiya a ƙaramin asibitin ƙauye, majiyyaci yana da damar cewa a'a.

Inda aka fi yin asara, a ganina, shi ne wajen zazzaɓi. A ƙasarmu duk wanda jikinsa ya yi zafi sai a ce cizon sauro ne ko taifot, a aika yaro kemis. Ga mai bututu a ƙirji wannan ɗabi'a tana kisa. Zazzaɓi ko rawar ɗari, musamman wanda ya taso ana cikin wanki ko jim kaɗan bayan an gama, ana ɗaukarsa a matsayin ƙwayar cuta ce ta shiga jini har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ƙwayar da ta fi yin wannan ɓarna a kan fata da cikin hanci take zama, kuma idan ta samu kwanaki tana iya kama ƙyauren zuciya ko ƙashin baya. Ja, kumburi, zafi ko mugunya a bakin ramin su ma alamu ne. A tafi asibiti a ranar, ko daga Zuru ne, kuma kada a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jinin gwaji, domin yana ɓoye ƙwayar da ake nema. Tsadar mota gaskiya ce, amma ba ta kai ta kwanciyar mako biyu da sayen sabon bututu ba.

Idan murfi ya fita ko bututun ya tsage, a matse shi nan take tsakanin wurin da ya lalace da jiki, domin iska tana iya shiga jini. Idan numfashi ya fara yankewa, a kwantar da majiyyaci a kan haƙarƙarinsa na hagu, kansa ƙasa-ƙasa, a nemi mota. Idan zoben nan ya leƙo waje, kada a tura shi ciki. Idan kuma bututun ya fice gaba ɗaya, a danne bakin ramin da kuma gindin wuya da tsumma mai tsabta har a isa asibiti.

Duk da sunansa na mai zama, likitoci sun fi son a koma ga fistula, wato haɗa jijiyoyi biyu a hannu da ɗan ƙaramin aiki. Mata da yawa suna razana da jin sunan saboda shi ake kiran yoyon fitsari da shi, alhali babu abin da ya haɗa su. Fistula takan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ta yi ƙwarin da za a fara wanki da ita, kuma ta fi bututu daɗewa da ƙarancin kamuwa da cuta. Tun ranar da aka saka bututun ya kamata a tambayi likita hannun da za a yi ta, wanda galibi shi ne wanda ba a aiki da shi sosai, daga nan kuma a hana ɗibar jini da saka ƙarin ruwa a wannan hannu. Idan ya zama dole, a nemi jijiyar bayan tafi.