Yoyon Ruwa a Gida: Kurakuran da Ke Mai da Ƙaramin Gyara Rigimar Haya

Gidaje da yawa a Kano, Kaduna da Zariya sun daina jiran ruwan gwamnati. Burtsatse ne da tanki a sama, ko kuma mai ruwa da kurarsa. Saboda haka duk ruwan da ya zube a banza kuɗi ne ya zube: na wuta, na man janareta, ko na jarka. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, wato fiye da jarka guda, a shekara kuma ya kai kusan lita 11,000. Duk da haka asarar ruwan ba ita ce ta fi ɓata zumunci ba. Abin da ke haɗa mai gida da ɗan haya faɗa shi ne abin da aka yi, ko aka ƙi yi, a kwanakin farko da aka ga alamar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga danshi a bango a ce ai damina ce. Wani lokaci daminar ce kuwa. Ginin da ba a sa masa leda ko kwalta a saman tushe ba yana shan ruwa daga ƙasa, za ka ga danshin ya bi gindin bango a jere, fenti yana kumbura, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Na rufi kuma daga sama yake saukowa, yana ƙaruwa bayan an yi ruwa, ya ja baya idan an kwana biyu ba a yi ba. Amma danshin da ya tsaya wuri ɗaya a bayan banɗaki ko kicin, wanda bai bushe ba har aka shiga hunturu, wannan ba ruwan sama ba ne. Haka nan idan ciyawa ta yi kore shar a wani lungu na tsakar gida a watan Maris, ko tayil ya fara ɗagowa, ko injin jan ruwa ya koma aiki sau biyu a rana alhali mutanen gidan ba su ƙaru ba.

Wasu kuma da sun tabbata yoyo ne sai su kira mai gyaran famfo ya zo da guduma. A fasa nan babu, a fasa can babu, kafin a gano wurin an lalata rabin banɗaki, kuma irin tayil ɗin ya ƙare a kasuwa. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma ina ganin bai kamata a taɓa bango ba sai an yi shi. Da daddare a cika tanki, a kashe inji, a rufe kowane famfo, a gaya wa kowa kada ya taɓa ruwa. A zura sanda mai tsabta a yi alamar inda ruwan ya tsaya. Da asuba, kafin a yi alwala da shi, a sake aunawa. Idan ya ragu, akwai inda yake bi. Daren gaba a maimaita, amma a rufe makullin da ke bakin tankin. Idan bai ragu ba a wannan karon, tankin lafiya yake, matsalar tana cikin bututun gida. Idan akwai makulli a kowane sashe, a riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya har a ware sashen da ke shan ruwan. Mai mita aikinsa ya fi sauƙi: ya rufe komai, ya rubuta lambar, ya dawo bayan awa biyu.

Kafin a zargi bututun da ke cikin bango, a duba masai na zamani. Robar da ke cikin tankinsa idan ta tsufa, ruwa yana silalewa dare da rana ba tare da ƙara ba. A ɗiga ɗan shuɗin wanki a cikin tankin, a jira minti 20 ba tare da an ja ruwa ba. Idan launin ya bayyana a cikin kwanon masai, an kama ɓarawon, kuma gyaransa ƙaramin abu ne.

Ɗaure bututu da robar tayar keke dabara ce ta kwana ɗaya, amma mutane sukan bar ta shekara. Abin tsoro a nan ba asara kaɗai ba ce. Bututun da ya tsage kusa da kwata ko sokawe, idan ruwa ya ɗauke ya zama fanko, yana iya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi, ruwa na dawowa ta biyo shi har cikin randa. Ta irin wannan hanya taifot da amai da gudawa suke shiga gidan da ake ganin mai tsabta ne. Idan kuma danshi ya kai soket ko wayar wuta, a kashe wutar sashen tun daga akwati kafin kowa ya taɓa bangon. Gidan ƙasa kuwa ba a yi masa jinkiri ko kaɗan, domin katangar da gindinta ya jiƙa ba ta ba da sanarwa kafin ta faɗi.

Sai batun wa zai biya, wanda nan ne aka fi yin ɓarna. Abin da aka rubuta a takardar haya shi ne gaba da komai, kuma mutane da yawa ba sa karanta ta sai rigima ta tashi. Inda ba a rubuta komai ba, abin da aka saba kuma hankali ya yarda da shi shi ne: jikin gini na mai gida ne. Bututun da aka binne, tankin da ya tsage don tsufa, rufi, sokawe da ya rufta, duk nasa ne, domin ɗan haya zai tashi ya bar su. Kan famfon da ya lalace da amfani, robar masai, magudanar da aka toshe da leda ko ragowar tuwo, bututun da aka huda garin buga ƙusa, waɗannan na ɗan haya ne. Babban bututun da ke kan titi na hukumar ruwa ta jiha ne, a kai musu rahoto, kada a tono shi da kai.

Ɗan haya yakan yi wa kansa illa ta hanya biyu. Ta farko ita ce shiru. Yana jin kunya, ko yana tsoron a ƙara masa kuɗi, sai ya bar abin wata uku. Ranar da mai gida ya gani, bututun da ya kamata ya biya shi kaɗai ya zama filasta da fenti da silin, kuma yana da hujjar cewa, “Me ya hana ka faɗa mini?” Gaskiya tana gefensa a wannan tambayar. Ta biyun ita ce ya gyara da kuɗinsa ba tare da ya sanar ba, sannan ya zare daga kuɗin haya. A idon mai gida, wani lokaci har a gaban alƙali, wannan bashin haya ne, ko da niyyar mai kyau ce.

Maganin duka biyun saƙo ne guda, tare da hoto ko bidiyo, ranar da aka gani: “Salamu alaikum Alhaji, barka da yamma. Bangon bayan banɗakinmu yana jiƙewa, mun gwada tanki cikin dare ya ragu. Ga hoto nan. Za ka turo mai gyaranka ne, ko in kira wani ya duba ya faɗi kuɗin in sanar da kai kafin a taɓa?” Idan ya ce a gyara a cire a haya, a roƙe shi ya rubuto hakan, ko ya aiko da saƙon murya. A karɓi rasit na kaya, a rubuta kuɗin aiki daban, a ajiye tsohon bututun da aka cire, domin shi zai nuna ko tsatsa ce ko ƙusa. Idan ta hannun wakili ake biyan haya, a tura wa wakilin da mai gidan duka.

Masu gida ma suna da nasu kurakuran. Wanda aka sanar da shi ya ce “za a duba” har ruwa ya lalata wa ɗan haya katifa da kafet, bai kyauta ba, kuma ginin da yake ci nasa ne. Haka wanda ya sayi bututu mara kauri don arha, ya bar shi a fili rana tana dukansa har ya bushe ya fara tsagewa, sannan ya ɗora wa mai haya laifi.

Idan ruwanka ne ke jiƙa katangar maƙwabci, ko banɗakin sama ne ke ɗiga wa na ƙasa, gyara yana kan ɓangaren da ruwan ya fito, har da abin da ya ɓata. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa ya isa hujja a nan. Inda aka kasa daidaitawa, a samo mai gyaran da ba na kowa ba ya duba a gaban ɓangarorin biyu. In hakan bai kashe maganar ba, a je wa mai unguwa da hotuna da rasit da saƙonnin da aka yi, kafin a yi zancen kotu.