Darasi na Bakwai: Ƙarin Nono Mai Saurin Girma

Akwai wani ƙari da ke fitowa a nono wanda likitoci ke kira filodis. Ba a cika samunsa ba, don a cikin ƙarin nono ɗari da ƙyar a sami ɗaya irinsa. Ya fi kama mata masu shekara 40 zuwa 50.

Da farko ƙulli ne mai tauri, sumul, yana motsi a ƙarƙashin yatsa, galibi ba ciwo. Abin da ke tona shi shi ne saurin girma: ƙullin da bai wuce goro ba, kafin 'yan watanni ya cika nono. Fata ta ɗame tana sheƙi, jijiyoyi su fito raɗau, wani lokaci ta fashe ta zama gyambo. A nan ake kuskure, a ɗauka maruru ne a kai wa wanzami ya yi sakiya. Ba mugunya a ciki, tsoka ce. Sakiya sai dai ta jawo zubar jini da ruɓa.

Iri uku ne: marar daji (wato wanda ba sankara ba), wanda shi ya fi yawa, na tsaka-tsaki, sai mai daji. Hannu ba ya bambanta su, hoto ma ba ya yanke hukunci. Sai an sa allura mai kauri an gutsiro tsoka an duba. Siririyar allura mai zuƙo ruwa kan sa a yi kuskure a ɗauke shi ƙaramin ƙulli marar daji da kan fito wa 'yan mata a nono.

Maganinsa tiyata. Ba a ƙwaƙule shi kawai. A kan haɗa da lafiyayyar tsokar da ke kewaye, kamar santimita 1, musamman in na tsaka-tsaki ne ko mai daji, don ɗan guntun da aka bari shi ke sake tsirowa. In ya cinye nonon, sai a cire duka. Ba a cika taɓa kaluluwar hamata ba, saboda mai dajin ta jini yake bi, ya tafi huhu ko ƙashi. Ƙwayoyin da ake ba masu sankarar nono ta yau da kullum, irin su tamozifen, ba sa yi masa aiki. Wasu a kan ƙara da gasa musu wurin da hasken na'ura bayan tiyata.

A karɓi sakamakon gwajin tsokar da aka cire, a tambayi likita: wane iri ne, kuma an cire shi kaf? In zai dawo, ya fi dawowa cikin shekara 2 na farko, saboda haka kada a tsallake ranar komawa asibiti ko da tabo ya warke.